Fitilar da Na Ƙera wa Furannin Teku

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kewaye ta da ruwa, ya rataya rana ba da igiya ba, yake ciyar da abin da ke ƙarƙashin dutse kamar yadda yake ciyar da wanda ke kan karaga. Bayan haka, ku gyara zama ku ji. Ni ne Gwadabe maƙerin fitila, mutumin Birnin Dalmaje. Abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, da hannuna na taɓa shi.

Na tashi a maƙerar mahaifina ina murza lagwani ina hura gilashi, har na iya duk abin da ya iya. Da Allah ya yi masa rasuwa sai na duba na ga babu sauran wanda zan tambaya a garinmu. Na zuba kayan aikina a jakar fata, na naɗa baƙin rawanina, na fita da niyyar in ga yadda kowace al'umma take korar duhu daga ɗakinta.

Na ratsa wata ƙasa mai fadamu, inda ake tara ƙwarin nan masu wuta a gindi cikin duma mai huji, a rataya a ƙofar ɗaki, da safe a sake su su je kiwo. Na zauna a wani birni inda mai ke tsattsafowa daga jikin dutse, mutanensa ba su san a kashe fitila ba, yaransu kuwa ba su taɓa ganin taurari ba. Daga nan na shiga wani babban jirgin ruwa mai tafiya da iska wanda ya nufi arewa. Muka yi ta tafiya, wata ya tsaya ya ɓace, ya sake tsayawa, har na koyi harshen matuƙan. Kullum sanyi na ƙaruwa, rana na ƙara yin ƙasa, har muka shiga tekun da ake kira Zamharira, inda duwatsun ƙanƙara ke yawo a kan ruwa kamar garken fararen shanu.

A wata 'yar tunga muka sauka, Tungar Raɓa. Gidajenta na dutse ne, an yi musu rufi da haƙarƙarin manyan kifaye an shimfiɗa ƙasa a kai, ciyawa ta tsiro, awaki na kiwo a kan rufin. Sunayen mutanen wurin suna da nauyi a harshena, don haka zan kira muku su da abin da ya fi kusa da su a namu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tekun kansa. Da hantsi na bar shi yana dukan katangar mashigin jirage. Bayan azahar na dawo na tarar ya tafi. Jiragen kamun kifi suna kwance a kan laka, baƙaƙen duwatsu sun bayyana har iya ganin ido. Na tsaya ina salati, ina tsammanin wata masifa ce ta sauka.

Wata dattijuwa mai ɗauke da ƙwarya ta tsaya kusa da ni tana murmushi.

"Kada ka damu, ɗana, zai dawo kafin magariba. Haka yake yi kullum, ya tafi ya dawo. Kai ne baƙon da aka ce yana ƙera fitila?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"To, in ba za ka ƙi ba, zo ka ga wani abu a gidana."

Sunanta Inna Tasalla. A hanya ta ba ni labarin mijinta, Baba Tunau. Tun yana saurayi aikinsa shi ne bin gaɓa idan ruwa ya janye, yana ɗebo halittun da teku ke bari a ramukan dutse, wasu don ci, wasu don magani. Babu ramin da bai sani ba. Bara santsi ya kwashe shi a kan dutse, bayansa ya bugu, ƙafafunsa suka daina motsi. Tun daga ranar ya juya fuskarsa bango. Magana ta ƙare, abinci sai an yi da gaske yake haɗiyar loma biyu.

Ta ce, "Mai magani ya ce ciwon bayan ba zai kashe shi ba. Rashin ci ne zai kashe shi. Ga shi kuma duhu na tafe. Nan gaba kaɗan rana za ta daina fitowa sai ta ɗan leƙo ta koma, har tsawon watanni. Ina tsoron ba zai ga dawowarta ba."

Muka shiga ɗakin. Na gaishe da Baba Tunau, bai amsa ba. Dogon mutum ne, amma ya zama kamar tsinke a ƙarƙashin bargo. Daura da gadonsa akwai wani akwati da Inna Tasalla ta sa aka gina mata. Gefensa uku na falalen dutse ne, gabansa gilashi ne mai kauri da aka tsinto daga wani fasasshen jirgi, an liƙe shi da ƙaro. A ƙarƙashinsa an haƙa 'yar magudana, ruwan wani marmaro mai sanyi da ke gangarowa daga tsauni yana bi ta nan yana fita.

Ta ce, "Tunda ba zai iya zuwa gaɓa ba, na ce bari in kawo masa gaɓar. Sanyin ruwan na samu. Amma ɗakin duhu gare shi, tagar ba ta wuce tafin hannu ba. Abin da na zuba a ciki ba a ganinsa, wasu ma sai su koɗe su mutu. Za ka iya haska mini shi?"

Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne.

Washegari da ruwa ya janye muka fita tare. Ta ba ni takalmin igiya saboda santsi, da ƙwarya, da wata wuƙar ƙashi mara kaifi. Muka yi ta tsallake duwatsu har muka isa wani rami mai faɗin tabarma, cike da ruwa garau. Da farko ban ga komai ba sai duwatsu da gansakuka. Ta ce in durƙusa in yi shiru, kada inuwata ta faɗa a kan ruwan.

Da na daɗe a durƙushe sai ramin ya fara motsi. Abin da na ɗauka tsakuwa ce ya fito da ƙafafu ya kama tafiya. Ƙaguwa ce 'yar mitsitsiya wadda ba ta da kwanson kanta, sai ta shige na dodon koɗin da ya mutu tana yawo da shi. Na ga wani abu ja mai hannu biyar, sak tauraro, manne da dutse. Na ga wani dunƙule mai ƙaya kamar bushiya, launin makuba. Na ga kifi mai kama da dutse har sai da ya juya ido na gane shi. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne furannin. Suna nan jere a gindin dutse, kore da ja da ruwan hoda, ganyensu na kaɗawa a hankali. Na kai yatsa na taɓa ɗaya, sai ya kama yatsan ya dunƙule kamar ƙulli.

Inna Tasalla ta yi dariya. "Ba fure ba ne, dabba ce. Wancan da kake gani hannuwanta ne, bakinta na tsakiya. Mu dai furen teku muke ce mata."

Ta koya mini aikin. Furen teku ba a fizgar sa, gindinsa zai yage. Sai a nemi wanda ya zauna a kan ƙaramin dutse a ɗauke shi da dutsensa. Tauraro a zura masa wuƙar ƙashi a hankali har ya saki da kansa. Kowane dutse ka ɗaga ka mayar da shi yadda ka same shi, fuskar da ke ƙasa ta koma ƙasa, don akwai masu gida a wurin. Ba a ɗiba da yawa a rami ɗaya. Ƙwarya kuma a rufe ta da jiƙaƙƙiyar ciyawar teku, kada ɗumin hannu ya ratsa ruwan.

Na ga jikin manyan duwatsun an yi musu wata ɗamara na ƙananan koɗi farare masu kaifi, a samansu kuma wani baƙin layi kamar an shafa gawayi. Na tambaye ta.

Ta ce, "Iyakar ruwa ke nan. Waɗannan koɗin sai inda teku ke kaiwa suke zama. Sama da baƙin layin, feshi kawai ke zuwa."

Muka koma gida muka zuba abin da muka samo. Ni kuwa na ƙera fitila mai lagwani uku, na zuba mata man kifi, na rataye ta dab da saman ruwan. Akwatin ya haskaka, furanni suka buɗe, Inna Tasalla ta tafa hannu. Na kwanta ina jin daɗin kaina.

Kwana kaɗan abin ya lalace. Furannin suka dunƙule suka ƙi buɗewa. Ƙaguwa ta daina yawo. Tauraron ya yi laushi, hannunsa ɗaya ya ɓalle. Muna tsaye ni da Inna Tasalla muna duba shi, sai muka ji murya daga bayanmu, a dushe.

"Ruwan ya yi ɗumi. Daga nan ina jin warinsa. Ku cire wutar nan kafin ku dafa su."

Baba Tunau ne. Fuskarsa na bango, bai juyo ba. Inna Tasalla ta riƙe bakinta da hannu, don rabonta da jin jimla cikakkiya daga gare shi an daɗe. Na sa yatsa a ruwan, ni dai sanyi na ji. Amma ga halittun da suka saba da makwabtaka da ƙanƙara, wannan ɗan ɗumin zazzaɓi ne.

Na ɗaga fitilar sama kusa da rufi, haske ya watse bai kai ƙasan akwatin ba. Na rage lagwani, abin ya zama kamar babu. Na sauko da ita, ɗumi ya dawo. Duk abin da na koya a ƙasashen da na ratsa na gwada, babu wanda ya raba haske da zafinsa. Muka mayar da waɗanda suka rage teku, akwatin ya koma wofi. Baba Tunau kuwa ya koma shirunsa.

Wata rana na fita gaɓa ni kaɗai, don Inna Tasalla na jinyar mijinta. Zuciyata a cunkushe take, na yi ta tafiya har na kai wani babban dutse can nesa da tudu. Na sami rami mai zurfi na zauna ina kallo, na manta da kaina. Ban farga ba sai da wani farin hazo mai danshi ya taso daga teku ya rufe ko'ina. Na miƙe zan koma, na tarar ruwa ya riga ya zagayo ta bayana, hanyar da na biyo ta zama kogi mai gudu. Tudu ba ya ganuwa. Ruwan nan kuwa wanda ya faɗa cikinsa ba ya daɗewa hannuwansa suke sandarewa.

Zuciyata ta ce in yi tsalle in gwada iyo tun bai yi zurfi ba. Har na cire takalmi ɗaya. Sai idona ya faɗa kan fararen koɗin nan da ke jikin dutsen. Na bi su da kallo zuwa sama, na ga inda suka ƙare, na ga baƙin layi, a samansa kuma wani ɗan tudu busasshe mai kashin tsuntsaye, wanda bai fi shimfiɗar buzu ba. Na mayar da takalmina na hau. Na yi alwala da ruwan teku, na yi sallar la'asar a zaune, na rungume gwiwoyina.

Ruwa ya yi ta hauhawa. Ya cinye ramin da na zauna a bakinsa, ya cinye koɗin layi bayan layi. Ya zo ya taɓa gindin baƙin layin, ya lashe shi, ya ja da baya, ya sake lasa. Daga nan bai ƙara ba.

Ina zaune ina jiran ya janye, hazon ya ɗan yaye, rana ta leƙo daga gefen sama. A kusa da ƙafata akwai wani ɗan kwarmi da feshi ya cika, mai zurfin kamu ɗaya. Hasken ya ratsa shi har ƙasa, ina ganin kowace ƙwayar yashi. Na tsoma hannu don in wanke gishirin fuskata, sai na ji saman ruwan da ɗan ɗumi, ƙasansa kuwa sanyi ƙalau. Na sake tsomawa. Haske ya kai ƙasa, zafi ya tsaya a sama. Ashe ruwa na shanye zafin ya bar hasken ya wuce. Na zauna ina juya wannan a raina har ban san lokacin da hanya ta buɗe ba.

Da na isa gida Inna Tasalla na bakin ƙofa, idanunta sun yi ja. Ta yi mini faɗa sosai, sannan ta ba ni romo mai zafi. Na gaya mata abin da na gano. Na ce fitilar ba za ta zauna a ɗakin ba ma, sai a bayan bango. Amma ina bukatar madubi mai kyau wanda zai karkato da hasken ya zubo shi cikin akwatin ta sama.

Ta ce, "Madubi sai garin Dutsen Madubai. Tafiya ce ta 'yan kwanaki ta kan tsauni. In za ka je ka yi sauri, rana ta kusa ƙarewa."

Na ɗauki guzuri na kama hanya. Garin yana cikin wani kwari mai zurfi wanda tsaunuka suka tsare wa rana. Mutanensa sun kafa manyan madubai na tagulla a kan ƙololuwa, wannan ya miƙa wa wancan haske, wancan ya miƙa wa na gaba, har ya sauko tsakiyar kasuwa. Nan tsofaffi ke zama a cikin da'irar hasken suna shan hantsi, in da'irar ta matsa su ja kujerunsu su bi ta.

Shugaban masu goge madubi wani mutum ne mai suna Shekarau, gajere, mai faɗin ƙirji, yana yawan tari. Na gaya masa bukatata.

Ya ce, "Baƙo, mu ba ma sayar da madubi. Wanda yake so sai ya bar mana wani sani da ba mu da shi. Me ka iya?"

Na duba maƙerarsa. Rufin ya yi baƙi ƙirin, fitilunsu na tuƙa hayaƙi kamar an sa ɗanyen itace a murhu, kuma wannan hayaƙin ne ke dusar musu da madubai yana sa su tari. Na nemi yashi da toka da wuta. Na hura musu doguwar kwalba mai buɗaɗɗen baki sama da ƙasa, na kifa a kan lagwani, na huda gindin fitilar don iska ta shiga. Harshen wutar ya miƙe tsaye, ya yi fari, hayaƙi ya ɗauke. Shekarau ya daɗe yana kallo. Na zauna da su har mutum uku suka iya hurawa da kansu. Ranar da zan tafi ya ba ni madubi mai faɗin faifai babba, mai ɗan zurfi a tsakiya kamar kasko.

Ya ce, "Wannan yana tattara haske wuri ɗaya. Ka naɗe shi da kyau, kada yashi ya taɓa fuskarsa."

A hanyar dawowa, a wani matsatsin wuri tsakanin duwatsu, na yi kiciɓis da wata farar dabba mai kama da kura, amma ta kai girman bijimi. Tana tsaye a tsakiyar hanya tana shinshina iska. Baya babu wurin gudu, makami kuma ba ni da shi. Ta fara takowa a hankali. Na sauke madubin daga bayana, na yaye fatar da na naɗe shi da ita, na tsugunna a bayansa na riƙe shi kamar garkuwa. Ina jin numfashinta har ta iso. Madubi mai zurfi kuwa, in abu ya matso kusa da shi, girma yake ƙara masa. Dabbar ta leƙa ta ga wata irinta wadda kanta ya ninka nata, ta buɗe baki, waccan ma ta buɗe wanda ya fi shi. Sai na ji ta yi wani gurnani ta ja da baya, ta juya ta haye dutse. Sai da ta ɓace na miƙe na sake naɗe madubin.

Na iso Tungar Raɓa rana ta riga ta zama 'yar ja-ja a gefen sama, ta leƙo da azahar ta koma. Baba Tunau ya ƙara ramewa. Ban huta ba na kama aiki. Na huda bangon da ke tsakanin ɗakin da madafa, sama kusa da rufi. Na ajiye fitila a ɓangaren madafa, a cikin wani gurbi da na gina dab da hujin, daidai bayan gadon Baba, don dutsen bangon ya riƙa ɗaukar zafin yana ɗumama masa baya. A cikin hujin na zaunar da wata faffaɗar kwalba da na hura, na jawo ruwan marmaro ta cikin gora yana shiga ta ƙasa yana fita ta sama, kullum sabo. Sannan na rataya madubin a saman akwatin, na karkata shi.

Muka fita ni da Inna Tasalla a ɗan hasken azahar muka ɗebo furanni kore da ja, da ƙaguwa biyu masu aron gida, da ƙaramin tauraro, da bushiyar ruwa, da kifin dutse guda. Muka zuba su. Na kunna fitila. Haske ya ratsa kwalbar, ya bugi madubi, ya sauko cikin ruwan. Na riƙe hannuna a ƙarƙashin madubin na daɗe, ban ji ɗumi ko kaɗan ba.

Inna Tasalla ta karkata kai tana dubawa. Ta ce, "Sanyi kam ya yi. Amma hasken ja ne, ɗana, kamar na murhu. Ramin gaɓa ba haka yake ba."

Gaskiya ta faɗa. Na rasa yadda zan yi, na kai hannu ina sosa kai, sai na ga yatsuna sun yi shuɗi da shunin rawanina, kamar yadda suke yi kullum. Na hura wata 'yar siririyar kwalba, na yanki bakin rawanin na jiƙa, na tace ruwan har ya zama shuɗi mai haske kamar sararin sama bayan ruwan sama. Na toshe ta na jingina a gaban babbar.

Ɗakin ya canza. Ruwan akwatin ya zama kamar an yanko shi daga teku da safiya. Inuwar ƙananan igiyoyin ruwa na rawa a jikin bango. Furanni suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kore daga cikinsu har wani ƙyalli suke yi kamar da wuta a jikinsu.

Ina jin inuwar nan da ke rawa a bangon da yake kallo ce ta fara isa gare shi. Na ga kan Baba Tunau ya motsa. A hankali ya juyo, ya ƙura wa akwatin ido. Ya daɗe ƙwarai. Inna Tasalla ta kama gefen zanenta ta riƙe.

Can ya ce, "Wa ya sa tauraro kusa da bushiya?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Zai cinye ta. Irin wannan ja ɗin ba ya barin ta. Mayar da shi wancan gefen ka sa dutse a tsakani." Ya ƙara dubawa. "Ƙaguwar can kuma gidanta ya yi mata kaɗan, dubi yadda take jan sa. Tasalla, babu wani kwanso a cikin tsohuwar jakata?"

Ta ce, "Akwai, Malam."

"Kawo. Ku ɗaga ni in zauna, ba na gani sosai a haka."

Muka ɗaga shi muka jingina shi da bangon da ya yi ɗumi. Ya zaɓi kwanso da kansa, na jefa a ruwan. Muka zuba ido. Ƙaguwar ta zo ta shafa shi ciki da waje, ta juya shi, sannan cikin ƙiftawar ido ta fice daga tsohon ta faɗa sabon. Baba Tunau ya yi wata 'yar dariya wadda ta ƙare da tari. Inna Tasalla ta fita, ta dawo da kwanon romon kifi ta ajiye a cinyarsa. Idonsa na kan akwatin ya ɗauki cokali. Bai san ya shanye ba sai da cokalin ya bugi gindin kwano.

Haka muka ci watannin duhu. Baba Tunau ya zama mai mulkin fitilar. Shi ke cewa a kunna, shi ke cewa a rage, shi ke cewa a kashe, don ya ce su ma suna bukatar dare kamar kowa. Shi ke faɗin ranar da za a canza ruwa da abin da za a ba kowanne. Yakan sa in tsinka naman koɗi ƙanana in miƙa wa furanni da tsinke, yana yi mini faɗa in na cika musu. Maƙwabta suka fara shigowa kallo, su zauna a ƙasa, yana ba su labarin kowace halitta da ramin da ake samunta. Kumatunsa suka ciko. Ni ma a wurinsa na san cewa tauraron da ya rasa hannu yana tsiro da wani.

Da rana ta dawo, ƙanƙarar mashigi ta narke, jirgin da zai yi kudu ya iso. Na fara haɗa kayana, na koya wa Inna Tasalla gyaran lagwani da goge madubi. Ana gobe zan tafi Baba Tunau ya kira ni.

"Gwadabe, tauraron nan ya yi girma, akwatin ya yi masa kaɗan. Kifin ma haka. A mayar da su."

Na ce zan kai su kafin in tafi.

Ya ce, "Ba ka san raminsu ba. Ku ciro ƙyauren ƙofar nan ku ɗora ni a kai."

Inna Tasalla ta je ta ɗauko masa bargo. Muka kira maƙwabta, mu huɗu muka ɗauke shi a kan ƙyaure, tana biye da ƙwarya. Yana kwance yana ba mu umarni, ku bi ta hagu, wancan dutsen yana da santsi, ku taka inda koɗi suke. Muka sauke shi a bakin wani rami mai zurfi. Ya mirgina a kan gefensa, ya karɓi ƙwaryar, ya tsoma hannunsa har gwiwar hannu cikin ruwan nan mai sanyi. Ya ɗora tauraron a jikin dutse ya riƙe shi har ya kama. Kifin kuwa ya sulale ya ɓace a ƙasa.

Bai fitar da hannun nan da nan ba. Ya bar shi a ciki, idanunsa a rufe, iska na kaɗa gemunsa. Mu kuma muka tsaya muna jiransa.

Can ya buɗe ido ya karkata kunne wajen teku. Ya ce, "Ruwa ya juyo, ku ɗauke ni. Tasalla, jibi zai fi haka janyewa, ramin da ke bayan dogon dutse zai buɗe. A gaya wa mutanen nan su zo da wuri."

Washegari na shiga jirgi. Iyakar abin da ya faru da ni a Tungar Raɓa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Allah ya sa mu gama da duniya lafiya, ya haskaka mana inda za mu kwanta.